Ƙungiyoyin Sa-kai Da Matsalar Samar Wa Matasa Aiki Mai Mutunci

A cikin watan Agusta na shekarar 2023, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da wani rahoto wanda ya sa jama'a da dama suka riƙe baki. Rahoton ya nuna cewa marasa aikin yi a Nijeriya kashi 4.1 ne kacal cikin ɗari a watanni ukun farko na wannan shekara, alhali kuwa rahoton da hukumar ta bayar kafin wannan, wato na ƙarshen shekarar 2020, cewa ya yi kashi 33.3 cikin ɗari ne. Ba wasu sababbin masana'antu aka buɗe ba da suka ɗebi miliyoyin mutane a tsakanin lokutan nan biyu. Ma'auni ne kawai aka sake. A da, sai wanda ya yi aikin awa 20 a mako ake ɗauka yana da abin yi, amma a sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don neman kuɗi ya fita daga sahun masu zaman kashe wando.

Sai dai rahoton ya ƙunshi wani adadin da bai ja hankali kamar na farkon ba, ko da yake ya fi shi nauyi. Sama da mutum 90 cikin kowane ɗari na masu aiki a ƙasar nan suna neman abinci ne a ɓangaren da ba shi da rajista, ba shi da takardar ɗaukar aiki, kuma mafi yawansu kansu suke yi wa aiki. Saboda haka saurayin da ke tura baro a kasuwar Mile 12 ta Legas, da ɗan acaɓa a Mararaba, da budurwar da ke wuni a ƙarƙashin lema da na'urar POS a Fatakwal, dukkansu a lissafin hukuma masu aiki ne. Abin tambaya shi ne ko wannan aiki na iya riƙe gida, ko yana iya jure rashin lafiyar mako biyu, ko kuwa zai bar wa mai shi wani abu ranar da ƙarfinsa ya ƙare. A wannan fage ne ya kamata a auna rawar da ƙungiyoyin sa-kai, waɗanda ba don riba aka kafa su ba, suke takawa wajen samar wa matasa aiki.

Mene ne aiki mai mutunci?

Wannan kalma ta samo asali ne daga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a shekarar 1999, lokacin da Mista Juan Somavia na ƙasar Chile ya karɓi ragamar shugabancinta. Ƙungiyar ta ɗora ma'anar a kan ginshiƙai huɗu: samuwar aikin da ke kawo abin da zai wadatar, kiyaye haƙƙin ma'aikaci, kāriya idan ciwo ko tsufa ko haɗari ya zo, da kuma damar zama a teburi ɗaya tsakanin ma'aikaci da mai ba da aiki da gwamnati. A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi a matsayin manufa ta takwas cikin manufofin ci gaba 17 da ƙasashe suka yi alkawarin cim ma nan da shekarar 2030, kuma Nijeriya na cikin waɗanda suka amince.

Girman aikin da ke gaban ƙasar ba ƙarami ba ne. Al'ummar Nijeriya ta haura miliyan 200, kuma kusan rabinta ba su wuce shekara 18 da haihuwa ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin matasa miliyan uku da rabi ne ke shiga sahun masu neman aiki a kowace shekara. A ɗaya gefen kuma, wuraren da aka saba ɗaukar ma'aikata da albashi sai raguwa suke yi. Manyan masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon wannan ƙarni, kamfanin taya na Michelin ya dakatar da masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, na Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, sannan a 2023 kamfanonin GlaxoSmithKline da Procter & Gamble suka ba da sanarwar janye jiki daga harkokinsu na cikin gida zuwa shigo da kaya daga waje.

Yadda ƙungiyoyin suka shigo fage

Idan ba a manta ba, matsalar ta fara tsananta ne tun faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, da kuma shirin ta da komaɗar tattalin arziki na SAP wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986. An rage ma'aikata, darajar Naira ta zube, takardar shaidar kammala makaranta ta daina zama tikitin samun aiki. Gwamnati ta mayar da martani da kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda ta fara aiki a farkon 1987, da Bankin Jama'a a 1989. A daidai wannan zamani ne wasu 'yan ƙasa suka ga cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka fara kafa ƙungiyoyinsu.

A Akure ta Jihar Ondo, Cif Bisi Ogunleye ta kafa Ƙungiyar Matan Karkara ta Nijeriya, COWAN, a 1982, inda ta ɗora tsarinta a kan adashen gargajiya. A Bauchi an kafa cibiyar DEC a 1987, wadda ke bai wa mata ƙananan rance. A wannan shekara kuma, a garin Ogwashi-Uku na Jihar Delta ta yanzu, wani jami'in ƙungiyoyin gama-kai mai suna Godwin Ehigiamusoe ya fara abin da ya zama ƙungiyar LAPO, da rancen Naira ɗari-ɗari ga mata uku. Daga baya ƙungiyar ta kafa hedkwata a Benin, ta ɗauki salon bankin Grameen na ƙasar Bangladesh, inda masu cin bashi kan haɗu rukuni-rukuni su tsaya wa juna a maimakon jingina. A 2010 sashenta na ba da rance ya zama bankin masu ƙaramin ƙarfi mai lasisin Babban Banki, wanda ya bazu a mafi yawan jihohin ƙasar.

Wannan ita ce hanya ta farko, wato ta rance. Amfaninta a fili yake, domin ta kai kuɗi wurin da manyan bankuna ba sa leƙawa. Amma tana da iyaka. Rancen da ake fara biya cikin makonni kaɗan ya fi dacewa da mai saye da sayarwa, wanda jarinsa ke juyawa kullum, bisa ga matashin da ke son kafa wurin walda ko gonar kaji, wanda sai ya jira watanni kafin ya ga riba. Haka nan kuɗin ruwan da ake ɗorawa ya daɗe yana jawo suka, har jaridar New York Times ta Amurka ta ambaci LAPO a 2010 cikin wani bincike kan tsadar irin wannan rance a ƙasashe masu tasowa. Masu gudanar da irin waɗannan bankuna kan kare kansu da cewa bin sawun dubban ƙananan basussuka a ƙauyuka ya fi cin kuɗi bisa ga bai wa attajiri ɗaya babban rance. Ga matasa Musulmi da yawa kuma, batun ruwa shi kansa shamaki ne, abin da ya sa wasu ƙungiyoyin zakka, irin su Gidauniyar Zakka da Sadaka da ke Legas, suka ɗauki hanyar saya wa mutum kayan sana'a kai tsaye.

Horo da jagoranci

Hanya ta biyu ita ce ta horarwa, kuma ta fi bunƙasa ne bayan komawa mulkin farar hula a 1999. A shekarar 2000 Malam Fola Adeola, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin Guaranty Trust, ya assasa Gidauniyar FATE a Legas domin koya wa masu sha'awar kafa kasuwanci yadda ake tsara shi, da riƙe littafin shiga da fita, da fitar da farashi, tare da haɗa su da 'yan kasuwar da suka riga su gogewa. A 2002 Uwargida Ndidi Nwuneli ta kafa LEAP Africa, wadda ta fi mayar da hankali kan tarbiyyar shugabanci ga matasa da masu ƙananan kamfanoni. A 2007 kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta Mista Gbenga Sesan ta fara koyar da kwamfuta ga yaran unguwar Ajegunle, ɗaya daga cikin unguwannin talakawa mafi cunkoso a Legas, kafin ta kai shirin garin Aba da unguwar Dakata a Kano.

A fannin noma, Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, IITA, wadda ita ma ba don riba aka kafa ta ba a 1967, ta fara wani shiri a 2012 da 'yan hidimar ƙasa da aka tura mata. An koya musu samar da iri, da kiwon kifi, da sarrafa rogo da waken soya, a matsayin kasuwanci. Bankin Raya Afirka ya ɗauki wannan gwaji ya gina shirinsa na matasa manoma a kansa, ya kai shi ƙasashe da dama.

Horo na cike wani giɓi na gaske, domin masu ɗaukar ma'aikata sun daɗe suna kukan cewa makarantu na yaye ɗalibai da takarda ba tare da gwanintar aiki ba. Amma shi ne kuma ɓangaren da ya fi sauƙin yi wa kwalliya. Duk wanda ya saba halartar bukukuwan yaye ɗalibai ya san yadda abin yake: horon mako biyu kan haɗa sabulu ko ɗinki, a jera kekunan ɗinki, a ɗauki hoto, a raba takardun shaida, kowa ya kama gabansa. Idan aka yaye teloli ɗari a unguwar da goma suka ishe ta, ba a ƙara aiki ba, an dai raba ɗan cinikin da ke akwai ne gida ɗari. Ba kasafai ake komawa bayan shekara guda a ga keke nawa ke aiki ba, nawa kuma aka sayar don biyan kuɗin haya.

Jarin farawa

Hanya ta uku ita ce bayar da jari kyauta, kuma babban misalinta shi ne Gidauniyar Tony Elumelu, wadda Mista Elumelu ya kafa a 2010. A 2015 ta ƙaddamar da shirin Dala miliyan 100 don tallafa wa matasa 'yan kasuwa 10,000 daga ƙasashen Afirka 54 cikin shekara goma. Duk wanda aka zaɓa kan samu horo na makonni, da jagora, da jarin Dala 5,000 wanda ba za a biya ba. A shekarar farko kimanin mutum 20,000 suka nema aka ɗauki 1,000, amma zuwa 2019 masu neman sun haura 200,000. Bayan da wasu hukumomi irin su Shirin Raya Ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai da Ƙungiyar Agaji ta Red Cross suka sa hannu, adadin waɗanda suka amfana ya zarce abin da aka tsara. A 2023 gidauniyar ta ce ta tallafa wa sama da mutum 18,000, waɗanda a cewarta suka samar da ayyuka fiye da 400,000, na kai tsaye da na kaikaice.

Akwai hujja mai ƙarfi daga cikin gida da ke nuna cewa jari na haifar da aiki. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta gudanar da gasar YouWiN, inda kusan mutum 24,000 suka nema aka zaɓi 1,200, kowanne ya samu kimanin Dala 50,000 a matsakaici. Da yake an zaɓi wani kaso daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a, masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, David McKenzie, ya samu damar kwatanta su da takwarorinsu da ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba. Bayan shekara uku ya tarar cewa a cikin kowane mutum ɗari da suka samu kuɗin, an samu ƙarin sama da 20 waɗanda ke da ma'aikata goma ko fiye. Darasin da ke ciki shi ne akwai matasa da yawa waɗanda rashin kuɗi ne kaɗai ya daƙile su. Amma ya kamata a lura cewa jarin YouWiN ya ninka na Gidauniyar Elumelu har sau goma, kuma irin wannan kuɗi ba kowace ƙungiya ce za ta iya fitarwa ba.

Inda gizo ke saƙar

Ko da an karɓi duk alkaluman da ƙungiyoyin ke bayarwa, akwai abubuwa biyu da ba su warware ba. Na farko shi ne yawa. Mutum 18,000 a faɗin nahiya cikin shekara tara, idan aka ɗora su a sikeli da matasa miliyan uku da rabi da ke fitowa a Nijeriya kaɗai kowace shekara, cikin cokali ne. Babbar manufar da aka ji a wannan fanni ita ce ta Gidauniyar Mastercard ta ƙasar Kanada, wadda ta sha alwashin taimaka wa matasan Afirka miliyan 30 su samu aiki mai mutunci nan da 2030, miliyan goma daga cikinsu a Nijeriya, kashi 70 cikin ɗari kuma mata. Ko ita ɗin ba ta kai yawan waɗanda za su shiga sahu a tsawon wannan lokaci ba.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne inganci. Kusan duk ayyukan da waɗannan shirye-shirye ke haifarwa a ƙananan sana'o'i suke, kuma dokokin ƙwadago ba su cika isa can ba. Binciken da Hukumar Raya Ƙanana da Matsakaitan Masana'antu, SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ya nuna akwai irin waɗannan sana'o'i miliyan 41.5 a 2017, suka ragu zuwa miliyan 39.6 a 2020, kuma kusan dukkansu ba su kai ma'aikata goma ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 kuwa ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ma'ana, lokacin da aka ɗaga albashin daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000 a watan Yulin 2024, yaron da ke aiki a shagon da wata gidauniya ta taimaka aka buɗe ba shi da wata doka da ta tsaya masa. Haka batun yake ga fansho, inda dokar 2014 ta wajabta wa ma'aikaci zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba da aiki ya zuba kashi 10, amma wajibcin ya fi shafar kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama. An ƙaddamar da tsarin fansho na masu ƙananan sana'o'i a watan Maris na 2019, sai dai shigarsa ganin dama ce.

Saboda haka abu ne mai yiwuwa a samu wanda ya ci gajiyar tallafi, kasuwancinsa na tafiya, amma yaransa biyar suna aikin awa 12 a rana ba takarda, ba hutu, ba wanda zai biya kuɗin asibiti idan inji ya datse wa ɗaya yatsa. A rahoton ƙungiya za a rubuta an samar da ayyuka shida. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa, da ƙyar ɗaya ya tsallake.

Akwai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin kowace ƙungiya. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan da ya biyo, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, Babban Banki kuma ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 a ƙarshen wannan shekara. Mai aski ko mai walda da ke dogara da janareta, duk irin horon da ya samu, farashin mai ne ke yanke masa hukunci. Wutar lantarki da hanyoyi da tsaro da haraji barkatai ba aikin gidauniya ba ne.

Kuɗin waje da riƙon amana

Wani raunin shi ne dogaro da masu ba da agaji na ƙasashen waje. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare, kafin tsakiyar shekara kuma ta rushe hukumar USAID, abin da ya tsayar da ayyuka da yawa a Nijeriya, ya kuma raba ma'aikatan ƙungiyoyin kansu da aikinsu. Waɗanda ke da tushen kuɗi a cikin gida, ko daga attajiran ƙasar ko daga abin da suke samu da kansu, su ne suka fi jure girgizar. Ba banza ba Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Batun riƙon amana ma yana nan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta bai wa Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya idan an zarge su da almundahana, abin da ya jawo turjiya daga shugabannin addini da ƙungiyoyin farar hula, waɗanda ke fargabar za a yi amfani da shi don rufe bakin masu suka. Ko ma wane ne ke da gaskiya a wannan taƙaddama, ƙungiyar da ke karɓar kuɗi da sunan matasa ya wajaba ta bayyana abin da ta kashe da abin da ya fito.

Abin da ya rage a yi

Babbar gudummawar ƙungiyoyin sa-kai ita ce gwaji. Su ne suka nuna cewa matar karkara na biyan bashi ba tare da jingina ba, kafin Babban Banki ya fito da manufar bankunan masu ƙaramin ƙarfi a 2005. Su ne suka nuna cewa yaron Ajegunle na iya koyon kwamfuta ya samu aiki, kuma mai digiri na iya cin abinci da noman rogo. Gwamnati da manyan kamfanoni ne ke da ƙarfin ɗaukar abin da gwaji ya tabbatar su kai shi ga miliyoyi.

A nasu ɓangaren, akwai matakan da ƙungiyoyin za su iya ɗauka ba tare da jiran kowa ba. Za su iya fara tuntuɓar masu ɗaukar ma'aikata kafin su buɗe aji, domin a horar da mutum kan abin da kasuwa ke nema. Za su iya gindaya wa duk wanda ya karɓi jari sharaɗin bai wa ma'aikatansa takardar ɗaukar aiki da sanya su a inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta riga ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa. Za su iya haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu, waɗanda tun kafin zuwan gidauniyoyi suke da tsarin koyon sana'a da sallamar yaro da jari, kamar yadda ake gani a kasuwar Alaba ta Legas da Onitsha da Kantin Kwari a Kano. Sama da duka, za su iya sake abin da suke ƙirgawa. A maimakon adadin waɗanda suka halarci horo, rahoton shekara ya faɗi mutum nawa ke kan aiki bayan shekara biyu, nawa suke samu a wata, kuma nawa daga cikinsu suka kai Naira 70,000 ɗin da doka ta ce shi ne mafi ƙaranci.